Laraba a Stockholm: awa shida na hasken rana

Laraba, tsakiyar Disamba.

Yau rana ba ta fito ba sai wajen tara saura kwata, kuma kafin uku na yamma ta faɗi. Awa shida ke nan, su ma rabinsu cikin gajimare. Wanda zai zo babban birnin Siwidin a wannan wata, a kan waɗannan awoyi zai ɗora duk shirinsa: yawon waje tsakanin goma da biyu da rabi, abin da ake yi cikin gini kuma a bar shi sai duhu ya shiga. Agogo dai ba sai an taɓa shi ba, don da hunturu lokacin nan ɗaya yake da na Kano da Yamai. Sai ƙarshen Maris suke ƙara awa ɗaya.

Da sassafe na tafi filin jirgin Arlanda tarbar baƙi biyu da suka taso daga Abuja. Wanda ya biyo ta Istanbul ko Doha ko Addis Ababa, a Arlanda jami'an shige da fice za su tare shi. Wanda ya sauya jirgi a Paris ko Frankfurt kuwa, a can zai sha tambayoyin, don nan ne ƙofarsa ta shiga yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ke amfani da biza ɗaya, saboda haka kada ya yarda da tikitin da ya bar masa awa ɗaya kacal tsakanin jirgi da jirgi. Biza a fasfo ba ta hana a nemi takardu. A riƙe su a bugu a jakar hannu: shaidar masauki ko takardar gayyata, tikitin komawa, da inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000. Fasfo kuma ya kasance yana da sauran aƙalla wata uku bayan ranar fita. Wanda ya zuba komai cikin waya, in caji ya ƙare a gaban jami'i, ya shiga uku. Kuɗin hannu da suka kai yuro 10,000 sai an bayyana su ga kwastan. Kilishi, dambun nama da man shanu kuwa a bar su gida, don dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje.

Daga Arlanda zuwa tsakiyar gari kusan kilomita 40 ne. Jirgin ƙasa na Arlanda Express minti 18 yake yi, amma shi ya fi tsada nesa ba kusa ba. Motocin Flygbussarna na ɗaukar wajen minti 45. Hanya mafi araha ita muka bi: bas mai lamba 583 zuwa Märsta, daga nan a hau jirgin unguwanni zuwa Stockholm City, duka da tikiti guda ɗaya na hukumar sufuri ta SL, cikin kamar awa ɗaya. Akwai tashar jirgin unguwanni a ƙarƙashin filin jirgin kansa, sai dai wanda ya shiga ta nan akwai ƙarin kuɗin ƙofa da ake caza, wanda ya ninninka kuɗin tikitin. Mai son tasi ya duba takardar farashi mai ruwan ɗorawa da ke manne a gilashin motar, ya kuma tambayi kuɗin tafiyar kafin ya zauna, domin a nan kowane kamfani shi ke yanka farashinsa.

SL ita ce hukumar sufurin yankin, kuma tikitinta ɗaya ne a jirgin ƙarƙashin ƙasa, bas, taragon titi da wasu jiragen ruwa. Na tafiya ɗaya kurona (kuɗin ƙasar) arba'in da 'yan kai ne, yana aiki minti 75, ka sauka ka sake hawa yadda ka ga dama. Ana iya ɗora katin banki kai tsaye a na'urar ƙofa. Abu biyu ke jawo asara a nan. Kati ɗaya mutum ɗaya yake biya wa, don haka miji ba zai ɗora nasa sau biyu ya wuce da matarsa ba. Sannan in da kati ka fara, ci gaba da katin. In ka koma ɗora waya, ko da asusun ɗaya ne, na'ura za ta ɗauke ka sabon fasinja ta sake cira. Mai kwana uku ya sayi tikitin awa 72 a manhajar SL ko a shagon Pressbyrån, ya huta da lissafi. Direban bas ba ya karɓar kuɗi.

Maganar kuɗi ita ta fi ba baƙi mamaki. Siwidin tana cikin Tarayyar Turai amma kurona take kashewa, yuro ba ta sayen ko burodi. Kuronar ma a takarda ba ta da wani tasiri: gidajen shayi da yawa, gidajen tarihi, har banɗakin tasha, kati kawai suke karɓa. Swish, manhajar biyan kuɗi ta waya da za ka ga an lika ko'ina, ba ta baƙo ba ce, sai mai asusun banki a ƙasar. Abin yi shi ne a zo da kati biyu na bankuna daban, Visa ko Mastercard, a tabbatar tun daga gida cewa an buɗe su don amfani a waje, a san iyakar abin da za su iya cira, a kuma haddace lambar sirri. In na'ura ta tambaya da wane kuɗi za a cire, a zaɓi kurona, canjin da take bayarwa da kanta cuta ce.

Bayan ajiye kaya a masauki (ɗaki ba ya samuwa sai wajen uku, amma suna riƙe jaka), muka sauka tashar Medborgarplatsen a koren layin jirgin ƙarƙashin ƙasa, inda babban masallacin birnin yake. Tsohuwar tashar lantarki ce aka mayar masallaci a shekarar 2000. Azahar ta shiga kafin sha biyu, la'asar wajen ɗaya, magariba kafin uku. Salloli uku cikin awa uku da ɗan abu, to wanda ya ce bari ya ɗan leƙa kasuwa ya dawo, sai ya tarar biyu sun wuce shi. Gara a yi alwala tun daga masauki, a riƙe ƙaramar darduma mai naɗewa, a kuma bi jadawalin masallacin maimakon manhajar waya da aka saita da lissafin gida. Alƙibla a nan kudu maso gabas take. Wanda ya fuskanci gabas yadda ya saba ya kauce sosai. Banɗakunan garin ba buta ba famfon tsarki, don haka robar ruwa ta rabin lita ba ta barin aljihun jaka. Cika ta ba wahala, ruwan famfon garin ana shan sa kai tsaye.

Abincin rana ya fi araha tsakanin sha ɗaya da biyu a ranakun aiki, inda aka rubuta dagens lunch: kwano ɗaya da salak da burodi da kofi. Kalmomin da za a nema a jikin takarda su ne fläsk, gris da skinka, dukansu alade. Ƙwallayen naman nan nasu da suka yi suna, köttbullar, galibi naman sa ne haɗe da na alade, blandfärs ke nan a rubuce. Alewa mai danƙo sau da yawa da gelatin a ciki, sinadarin da ake yawan samowa daga alade. Kifi ya wadata, shi ne mafita a yawancin wurare, naman halal kuma ana samun sa a kasuwar Hötorgshallen da shagunan Rinkeby da Tensta a shuɗin layi. A kasuwar Kirsimeti ta Stortorget cikin Gamla Stan, tsohon gari, ana miƙo wani abin sha mai zafi, glögg. In ba a ce alkoholfri ba, wato marar barasa, a wuce.

Sanyin yau bai wuce sifili ba sosai, iskar da ke tasowa daga ruwa ce ke ratsa ƙashi, don birnin a kan tsibirai 14 yake zaune. Sutura hawa uku ake yi: na ciki mai kama jiki na ulu ko roba-roba, suwaita a tsakiya, sai babbar riga mai tare iska da ruwa. Singiletin auduga ita ce matsala, tana shan gumi a cikin jirgi mai ɗumi, ka fito waje ta huce a jikinka. Dogon wando na ciki, safar ulu, hular da ta rufe kunne, safar hannu. Takalmi ya zama mai ƙasan roba da zanen tayar mota. Mai sulɓin ƙasa irin na zuwa ofis kan kayar da mutum a kan ƙanƙarar da ba a gani. Man kaɗe ko basilin ya zama dole, bushewar fata da tsagewar leɓe a nan sun fi na tsakiyar hunturun gida. Waya kuma a sa ta aljihun ciki, sanyi na zuƙe batir. Soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne, cajar Najeriya mai ƙafa uku ba ta shiga sai da adafta. Ta Nijar ita kan shiga.

Da magariba ta wuce muka hau jirgin ruwa mai lamba 82 daga Slussen zuwa Djurgården, da tikitin SL ɗin nan dai, muka shiga gidan tarihin Vasa, inda aka ajiye jirgin yaƙin da ya nutse a 1628 a fitarsa ta farko, aka tsamo shi a 1961. Ranar Laraba sukan kai takwas na dare a buɗe, shi ya sa aka bar shi ƙarshe. Litinin kuwa gidajen tarihi da dama a rufe suke, a duba kafin a fita.

A hanyar dawowa muka tsaya Apotek, wato kantin magani, sayen maganin mura. Ana zarar lamba a bakin ƙofa a jira a kira, ba a tsayawa layi. Maganin ciwon kai ana sayarwa haka nan, amma na kashe ƙwayoyin cuta sai da takardar likita, kuma wanda ya zo da maganinsa na hawan jini ko suga ya bar shi cikin kwalinsa tare da takardar asibiti. Lambar gaggawa 112 ce, ta neman shawarar ma'aikaciyar jinya 1177. A nan Apotek ɗin ake samun ɗan abin ƙyalli da ake ratayawa a riga don direbobi su hango mutum cikin duhu. Kowa ya sayi ɗaya, don gobe ma tun uku za a kunna fitilun titi.