Godiya ga mutanen Maraɗi da suka kai yaranmu Yamai

Assalamu alaikum. Mun iso gida daga Yamai tun daren Talata, ni da yaran nan uku da nake horarwa a dogon gudu, lafiya lau. Na so in bi kowa har ƙofar gidansa in yi godiya, to da na buɗe littafin da muka riƙa rubuta gudummawa a ciki, sai na ga ko wata guda na ware ba zan gama zagayen ba. Shi ya sa na rubuto nan. Wanda ya karanta, don Allah ya isar wa wanda ba ya da waya.

Da muka fara yawon neman taimako, an sha tambayata: “Malam, gudu kuma har sai an kashe kuɗi? Ba ƙafa ba ce kawai?” Ban ga laifin mai tambaya ba. Mu nan kokowa muka sani, ita ke cika fili, ita ke kawo takobi gari. Amma dogon gudu yana da nasa sharaɗi. Ko yaro ya fi iska sauri a kan hanyar Tibiri, lokacin da na ɗauka da agogon hannuna ba ya shiga takardar kowa. Sai ya yi gudun a fili mai awo, zagaye ɗaya mita 400, a gaban alƙalan hukumar wasannin guje-guje ta ƙasa, ya kuma shigo cikin lokacin da aka gindaya, sannan a fara maganar sa shi cikin masu wakiltar Nijar. Wannan ne ya kai mu filin wasa na Seyni Kountché, tafiyar sama da kilomita 600, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso.

Kuɗin mota shi ne ƙarami a cikin lissafin. Abin da ya fi cin kuɗi takalmi ne da abinci. Yaron da ke cin kilomita 120 a mako, takalmi ba ya kai masa wata biyu. Babban cikinsu, kafin ku taimaka, da wani takalmin gwanjo yake gudu wanda ɗuɗɗugensa ya cinye ta gefe guda har ya karkace, baduku ya ɗinke bakinsa sau uku. Na daɗe ina zaton ciwon gwiwar da yake kuka da shi na raki ne, ashe takalmin ne. Laifina ne wannan, na kuma faɗa masa.

Godiya ta farko ga ƴan kasuwa na babbar kasuwa da suka bar mu muka zagaya rumfa rumfa ranar Juma’a, da matan adashi na unguwar Mokoyo da suka ba mu kwasar mako ɗaya sukutum, da ƴan’uwanmu mazauna Katsina da Abijan da suka turo nasu. Akwai alhajin da ya ba da jika hamsin ya ce kada a ambaci sunansa. Ban ambata ba, Alhaji, amma Allah ya san ka. Akwai kuma ƴan makaranta da suka riƙa kawo dala goma, dala ashirin, wani a dunƙule cikin tafin hannu har ya jiƙe da zufa. Duk mun rubuta, layi ɗaya da na manya.

Mutum biyu ba su ba da ko dala ba, kuma su na fi tunawa. Inna mai fura da ke kusa da inda muke gama gudun safe ta ce ita ba ta da kuɗin bayarwa, amma yaran su riƙa biyowa. Wata uku cur, kullum ƙwarya na jiransu, an dama da nono, an rufe da faifai. Ranar da ɗaya bai zo ba, sai ta aika jikarta ta tambayo ko lafiya. Na biyu wani ɗan kabu-kabu ne da ke fitowa bayan sallar asuba cikin sanyin hunturu, ya sa fitilar babur ɗinsa a gaba yana haska musu ramukan hanya, yana duba awon babur yana faɗa mini inda kowane kilomita ya cika. Na yi, na yi ya karɓi kuɗin mai, ya ce in bari sai sun ci.

To ga sakamakon, ba ƙari ba ragi. Yarinyarmu ta cika sharaɗi a mita 5,000. A zagaye biyu na ƙarshe na daina duban agogo, ita kawai nake kallo, bakina na ta salati. Babban yaron, mai mita 10,000, ya rasa da daƙiƙa tara. Gudun nan zagaye 25 ne, ke nan abin da ya raba shi da burinsa bai kai rabin daƙiƙa ba a kowane zagaye. Ya fara da zafi fiye da yadda muka shirya, rana kuma ta karɓi haƙƙinta daga zagaye na goma sha takwas. Ya zauna a bakin fili ya cire takalmi, abin da ya fara ce mini shi ne: “Malam, me zan gaya wa Inna?” Ƙaramin kuwa jijiyar cinya ta riƙe shi, ni na ce ya tsaya, don shekarunsa 19 ne, ba zan bari ya lalata ƙafa saboda rana ɗaya ba.

Da muka je gaishe da Inna jiya, ba ta tambayi daƙiƙa ko ɗaya ba. Ta dubi babban ta ce ya rame, ta miƙa masa ludayi.

Maganar amana: bayan takalma, abinci, mota da masauki, kuɗi sun yi saura, suna hannun ma’ajinmu, kuma da su za a sake kai babban yaron gwaji na gaba in Allah ya kai mu. Littafin yana wurina, duk wanda ya ba da ko dala yana da ikon zuwa ya duba. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya mayar muku da ninkin abin da kuka fitar.

Za mu koma horo ranar Asabar bayan asuba, a mafitar gari ta hanyar Tibiri. Mai fitila ya riga ya ce yana nan.