Yanke a allon rubutun waya: inda na kai bayan makonni shida

Assalamu alaikum ƴan uwa masu koyo. Tun ranar da muka tashi daga fadarmu, wato majalisar hira da shayi, ta unguwar Zango a Damagaram, na yi alkawarin rubuto muku abin da na gwada, wanda ya yi da wanda ya ƙi. Yau makonni shida ke nan ina kan wannan abu da muke kira yanke, wato ka koya wa allon rubutun wayarka cewa da ka buga haruffa biyu ko uku, ya kawo maka kalma ko jimla sukutum. Sunan ya zauna a bakinmu ne don ya yi kama da tafiyar wanda ya san lungunan Birni, ba sai ya bi kwalta ya zagaya ba.

Baba baduku ne, a rumfarsa nake wuni, kuma wayar da masu saye ke aiko da saƙo ta WhatsApp a hannuna take. Daga Yamai, daga Agadas, daga Maraɗi, har daga Kano, tambayoyin kusan iri ɗaya ne: nawa takalmin nan, akwai jaka ja, yaushe kaya za su shiga mota. Kafin azahar babban yatsana ya gaji da maimaita magana guda. Wannan shi ya tura ni neman yanke.

Makon farko bai wuce neman ƙofa ba. Wayata Tecno ce, da Gboard nake rubutu, allon kamfanin Google, kuma kamar yawancin wayoyin garin nan saitinta da Faransanci yake. Ka taɓa alamar saiti da ke saman haruffa, ka shiga Dictionnaire, daga nan Dictionnaire personnel, ka zaɓi harshe, ka danna alamar +. Gurabe biyu za su fito: na sama na cikakkiyar magana, na ƙasa na yanken. Shi ke nan. Abin da ya ci mini kwana biyu shi ne zaɓen harshen. Na zuba nawa duka ƙarƙashin Faransanci, da na juya allon zuwa Hausa sai suka yi ɓatan dabo. Ku sa naku a ƙarƙashin Toutes les langues tun farko, za su bi ku ko wane harshe kuka koma.

Sai kuma wani bambanci da ya kamata kowa ya riƙe. A wayata Gboard ba ya canza rubutu da kansa. In na buga yanken, cikakkiyar maganar tana leƙowa a layin da ke saman haruffa, sai na taɓa ta ta shiga. iPhone ba haka take ba. A can hanyar ita ce Réglages, Général, Clavier, sannan Remplacement de texte, kuma da zarar ka buga yanken ka ba da tazara, ta musanya shi ba tare da ta tambaye ka ba. Da farko na ga tata ta fi sauri, har na so a ce tawa ma haka take. Mako na biyu ya canza mini ra'ayi.

Abin da ya faru ke nan. Na daɗe ina jin ciwon yadda muke rubuta Hausa a waya ba ƙugiya: daki maimakon ɗaki, kudi maimakon kuɗi. Gboard yana da Hausa cikin harsunansa, in ka ƙara ta ka danna k ka riƙe, ƙ za ta fito, haka ɓ da ɗ da ƴ. Amma dannawa da riƙewar nan tana rage gudu, shi ya sa mutane ke tsallake ta. Sai dabara ta zo mini: in sa kalma marar ƙugiya a matsayin yanke, mai ƙugiya a matsayin cikakkiya. Na zauna da iPhone ɗin Yayana na zuba masa kusan ashirin, cikinsu har da fada, wadda na ce ta riƙa komawa faɗa.

Da yamma Yaya ya rubuta wa abokansa: "Ku zo fada bayan isha'i, kowa ya zo da shirinsa." Shayi yake nufi da gyaɗa, don ranar shi ke da dahuwa. Abin da ya isa gare su shi ne "Ku zo faɗa bayan isha'i." Kafin minti biyar biyu daga cikinsu sun kira shi hankali tashe, suna tambayar da wa aka samu matsala. Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san ba kalmar da ake jefawa tsakanin matasa ba ce a yi shiru. Yaya ya zo rumfa ya miƙo mini wayar, ya ce, "Ƙanena, cire mini wannan tun bai haɗa ni da mutane ba." Na cire a gabansa, na ba shi haƙuri.

Daren nan na ɗauki takarda na raba kalmomin gida biyu. Gida na farko, waɗanda in an cire musu ƙugiya ba su zama wata kalma ba: haƙuri, ƙwarai, ɗinki, ɗaya, kuɗi, buƙata. Waɗannan dabarar tana yi musu aiki lafiya lau, har yau ina amfani da ita. Gida na biyu kuwa tagwaye ne, kowace tana da ƴar uwa marar ƙugiya mai tata ma'anar: fada da faɗa, baki da baƙi, kara da ƙara, kasa da ƙasa, bari da ɓari. A sana'armu ma akwai kafa da ƙafa, ga shi kullum sai na tambayi lambar ƙafar mai saye. Huɗu na ɗauka tana gida na farko, sai na tuna muna da maƙwabci mai suna Hudu. Tagwayen nan ba a yi musu yanke, yatsa ne zai danna ya riƙe, don waya ba ta san wadda kake nufi ba.

Na kuma gwada yi wa harafin kansa yanke, in ce kk ta zama ƙ. Bai yi ba. Yanke yana tashi ne in ya tsaya shi kaɗai kamar kalma, a tsakiyar kalma ba ya motsi. Kada ku ɓata lokacinku a nan.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan ƙugiya don me, tunda ana ganewa. Ni dai ina ganin ya dace. Tun 1999 gwamnati ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar, da ƙugiyoyinta, har da ƴ ɗin da ƴan uwanmu na Najeriya ke rubutawa 'y. A 2025 kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. In ba mu da ke magana da ita tun daga goyo muka rubuta ta daidai ba, yaran da ke koyon karatu daga saƙonninmu a gurguje za su ɗauke ta.

A mako na uku na samu ƙa'idar da ta kwantar mini da hankali: kowane yanke na jimla ya fara da x. Rubutun Hausa kusan ba ya amfani da p, q, v da x, don haka da wuya kalmar Hausa ta yi karo da yanken da ya fara da ɗayansu. Amma mu nan muna haɗa Hausa da Faransanci a saƙo ɗaya, kuma p da q da v sun cika Faransanci. Saura x. Ƙarin daɗinta, a wuri ɗaya take zaune, ta biyu a layin ƙasa, ko allonka na Faransanci ne mai farawa da AZERTY ko na Ingilishi mai farawa da QWERTY. Yanzu xs tana ba ni Assalamu alaikum wa rahmatullah, xa tana ba ni amsar sallama, xm kuma "Kayan sun shiga mota, zan turo hoton takarda yanzu."

Sai matsalar ka da ki da ku. Na yi yanken godiya guda ɗaya, "Allah ya saka maka da alheri", sai ga Hajiya daga Yamai ta biya kuɗin jaka, saura ƙiris in aika mata da maka. Maganin da na samu shi ne in ƙare yanken da wasalin wanda nake wa magana: xga na namiji, xgi ta mace, xgu na jama'a ko na babba. Haka na yi wa ban haƙuri, xha, xhi, xhu. Ba sai na haddace komai ba, bakina ya riga ya san wasalin.

Wurin da na fi daɗewa ina tunani shi ne gaisuwa. Na haɗa wata doguwa a yanke ɗaya: sallama, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya kasuwa, duk a jere. Wata safiya Baba ya ce in rubuta wa wani Alhaji na Agadas da suka fi shekara ashirin suna hulɗa. Na buga haruffa uku, na ɗora maganar kaya a kai, na ce an gama. Baba na ɗinkin bakin wata jaka, bai ɗago ba ya ce in karanto masa. Na karanta. Ya soke basilla a jikin fatar, ya dube ni.

"Ka tambaye shi gajiya. Ka jira ya amsa?"

Na ce, "A'a, Baba."

Ya ce, "To ai ba ka gaishe shi ba. Goge. Yi masa sallama ka dakata."

Na goge, na aika sallama kaɗai. Bayan ɗan lokaci Alhaji ya amsa, na tambayi kwana, ya amsa, na tambayi iyali, sai ya ce ai uwargidansa kwananta uku a kwance. Da doguwar gaisuwata ta tafi da farashi manne a gindinta, da wuya ya sami inda zai sa wannan magana. Baba ya karɓi wayar ya yi masa saƙon murya, maganar kaya ba ta taso ba sai washegari. Tun ranar na farfasa gaisuwar, kowace tambaya da nata yanken, ina aika ɗaya in jira. Ta'aziyya da barka da haihuwa kuwa ban yi musu yanke ba, kuma ba zan yi ba, da hannu nake rubuta su da sunan mutum.

Ƙananan abubuwa da na tsinta a mako na huɗu da na biyar. Farashi kada ya shiga yanke sai in za ku riƙa duba shi, don fata tana tashi, yanken kuma yana nan da tsohon kuɗi. Abin da na bari shi ne lissafin kansa, saboda ɗarinmu ta dala (dala ɗaya sefa biyar ce) ba ɗarin mutumin Kano ba ce: x25 tana rubuta "jikka biyu da rabi, wato 2500 F", ba mai ruɗewa. Dogon bayani mai layi da yawa, kamar kwatancen rumfa, ya fi zama a ma'ajiyar kwafi ta Gboard, amma sai ka maƙale shi da alamar fil, in ba haka ba bayan awa ɗaya ya goge. Lambar sirri ta asusun kuɗi kuwa kada ta kusanci yanke ko kaɗan, duk wanda ya ari wayarka zai iya ganinta.

Masu aika SMS, ku lura da wannan. Saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160 in baƙaƙen boko ne zalla. Da ƙ ko ɗ guda ta shiga, wayar tana komawa wani tsarin da ke ɗaukar 70 kacal, sai saƙon da ka ɗauka ɗaya ne ya tafi a biyu ko uku, kuɗin ma haka. A WhatsApp babu wannan. Don haka ƴan yanken da nake aika wa masu ƙaramar waya na taƙaita su sosai.

Mako na shida ya zo da asara. Wayar ta riƙa mutuwa tana tashi, na kai ta gyara, aka mayar da ita yadda ta fito daga kwali, yanke sittin da wani abu suka tafi. Sai bayan nan na gano ɗigo ukun da ke saman shafin Dictionnaire personnel, inda Exporter da Importer suke. Na farkon yana tattara yankenka duka cikin fayil ɗaya, na biyun yana mayar da su. Na sake zuba arba'in da biyu da na fi buƙata, na fitar da fayil ɗin, na aika wa kaina, na kuma ajiye kwafi a wayar Yaya. Masu iPhone nasu yana bin iCloud zuwa sabuwar waya in sun kunna shi.

Abin da ke gabana yanzu shi ne in shigar da fayil ɗin a wayar ƙanwata mai sayar da turaren wuta, in ga ko ƙugiyoyin za su isa lafiya, in cire mata na takalma in sa nata. Masu Samsung kuma, allonku yana da nasa wurin yanke a cikin saiti. Ku gwada xga da xgi, ku duba ko da kansa yake musanyawa ko sai an taɓa, ku zo fada da wayoyin ranar Alhamis bayan an tashi daga kasuwar Dole. Zan zo da takardar tagwayen kalmomin, mu ƙara waɗanda na manta.