Talata, a bayan labule

Yau na tashi da niyyar kammala babi na bakwai na ƙagaggen labarin da nake rubutawa, amma har rana ta take ban rubuta abin da ya wuce layi uku ba. Labarin na mata biyu ne da suke son juna, ɗaya jarumar wasan dandamali, ɗaya kuma mai kula da kayan 'yan wasa, wato aikin da ni kaina na daɗe ina yi. Inda na cije shi ne wurin da za su bayyana wa juna abin da ke ransu, domin duk maganar da na sa a bakinsu sai in ji ta yi kama da jawabin da aka haddace don 'yan kallo.

Da yamma na tafi wurin gwajin wasanmu. Akwai wata fitowa da jarumarmu take da ƙasa da minti ɗaya ta sauya riga a cikin duhun gefen dandamali, ni kuma in tsaya a bayanta in ɗaure mata maɓallai ba tare da ɗayanmu ta ce uffan ba, saboda ko tari aka yi na layin gaba za su ji. Ina cikin ɗaure na ƙarshe na ji yadda numfashinta yake sauri, na dafa kafaɗarta alamar an gama, ta fita cikin haske. Babu komai tsakanina da ita sai aiki, amma nan take na gane cewa matan labarina a irin wannan minti ɗin ya kamata su fahimci juna, inda aka hana su magana.

Da na dawo gida na sake karanta tarihin Charlotte Cushman, 'yar wasan Amurka da ta fito a matsayin Romeo a birnin Landan a 1845, ƙanwarta Susan kuma ta fito a matsayin Juliet. Daga baya ta zauna a birnin Rum shekaru da dama tare da Emma Stebbins, mai sassaƙa mutum-mutumi, kuma ba su rabu ba har rasuwar Cushman a 1876. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, jama'a sun biya kuɗi sun tafa wa mace tana furta kalaman soyayya ga mace, muddin tana sanye da kayan maza kuma marubuci ne ya ba ta kalaman. Da aka zo nuna irin wannan soyayya ba tare da wannan mayafi ba, sai hukuma ta taso: a 1927 jihar New York ta kafa dokar da ta ba da damar garƙame gidan wasan da ya nuna ta, a Ingila kuwa sai a 1968 aka daina kai rubutun wasa wurin mai tacewa.

Na goge shafi biyu na hirar da na sha wahalar tsarawa tun makon jiya, ko da yake raina bai so ba. Yanzu babin ya tsaya a inda mai kula da kaya ta gama ɗaure maɓallai, amma ba ta ɗauke hannunta ba, jarumar kuma ta makara fita da daƙiƙa biyu. Gobe da safe zan duba ko mai ba da umarnin wasan da ke cikin labarin zai lura da wannan makara.