Godiya ga mutanen Tawa da suka tsaya mana

Assalamu alaikum. Jiya aka sallamo maiɗakina daga asibiti, ita da jaririyarta, bayan kwana 5. Alhamdu lillahi. Waɗanda suka kira ban ɗauka ba, ku gafarce ni, hankalina ba ya jikina a lokacin.

Haihuwar fari ce, don haka ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a wani ƙauye na yankin Illela. Ta sauka lafiya da daddare, har an yi guɗa. Sai jini ya ɓalle. Inna ta ce da zane na uku ya jiƙe ta daina sauraron masu cewa a bari gari ya waye, ta tada maƙwabci ya ɗaura amalanke. Inna, Allah ya saka miki da Aljanna.

Ungozomar likitar karkara ta ba ta ƙwayoyin misoprostol masu tsayar da zubar jini, ta yi ta murza mata mara, ta ɗaure ta cikin rigar nan mai matse ƙafafu da ciki, sannan ta kira ambilans. Daga baya lokotoro ya faɗa mini irin wannan zubar jini kan iya kashe mace cikin awa 2. Ko sunan baiwar Allahn nan ban tambaya ba.

Da suka iso Tawa na leƙa motar, tafin hannunta fari fat kamar takarda. Aka ce a nemo jini leda 3. Nan ne laifina ya fito fili: tun wurin awon ciki an gaya mana jininta ya yi ƙasa, aka ba ta ƙwayoyi, ta ce suna tada mata zuciya, ni kuma na ce ta bari. Ga shi nawa jinin bai dace da nata ba.

Saƙo ɗaya ƙanena ya tura a WhatsApp, kafin asuba mutum 9 sun hallara. Abokan sana'ata na kasuwa, almajiran malam biyu, da wani ɗan kabu-kabu da ya kawo fasinja kawai, ya ji abin da ake ciki, ya jingine babur ya naɗe hannun riga. Nasa aka fara sa mata.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 mata wajen 260,000 suka rasu ta dalilin ciki da haihuwa, kusan kashi 70 cikin 100 a Afirka kudu da Sahara. Da, in na ji irin wannan a rediyo, wucewa nake. A daren nan gadon da ke kusa da nata an ja masa labule, na ji kukan dangi. Allah ya jiƙanta, ya raya abin da ta bari.

Suna gobe ne in Allah ya kai mu, bayan sallar asuba, kowa ya zo. Ɗan kabu-kabun nan ya tafi kafin in fito, na bi shi da jaka 2 na mai ban same shi ba. Dogo ne, da jan rawani. Wanda ya san shi, don Allah ya zo mini da shi.