Wace Kaza Ce Ta Dace da Akurkin Bayan Gida?

Duk wanda ya yi niyyar ajiye kaji goma ko goma sha biyar a bayan gidansa, yakan fara da tambayar wane iri ne ya fi yin ƙwai, alhali abin da ya kamata ya fara aunawa shi ne ko aljihunsa zai ɗauki nauyin abincinsu har ƙarshen shekara. Kazar gidan gona irin ISA Brown tana fara ƙwai tana da mako 18 zuwa 20, kuma tana iya kusantar ƙwai 300 a shekara, amma fa sai kullum ta samu giram 110 zuwa 120 na haɗaɗɗen abinci. Ke nan kaji goma za su cinye buhu mai kilo 25 cikin mako uku. Ranar da buhun ya ƙare aka ce bari a lallaɓa da dusa da ragowar tuwo, ƙwan zai ja baya, kuma ba ya dawowa da wuri.

Buroila ba zan daɗe a kanta ba. Kaza ce ta nama wadda ake sayarwa tana da mako shida zuwa takwas, ta dace da mai neman kasuwar Sallah, amma ba ta jure zafin bazara, musamman a Kano da Sakkwato inda zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu.

Kazar gida ita ce mutane suka fi rainawa, kuma a ganina ita ce tushen ƙaramin kiwo. Gaskiya ne ƙwanta bai taka kara ya karya ba, domin 40 zuwa 60 take yi a shekara, tana yi tana hutawa. Sai dai tana da halin da aka kusa shafewa daga jinin kajin gidan gona, wato kwanci. A sa mata ɗan yashi da toka a cikin fasasshiyar tukunya, a jera mata ƙwai goma ko sha biyu, a yi musu alama da gawayi domin a gane sabon da wata ta zo ta ƙara, bayan kwana 21 za ta fito da 'yan tsakinta ba tare da inji ko wutar lantarki ba. Ita ce kuma ake sa wa ƙwan zabi ta ƙyanƙyashe, ko da yake shi yakan kai kwana 26 zuwa 28. Da rana ta tona abincinta, da yamma a watsa mata tsaki. Masu ƙwazo har gara suke tara wa 'yan tsaki, su cusa busasshen kashin shanu da karan dawa a tukunya, su yayyafa ruwa, su kife ta a bakin suri zuwa wayewar gari. Hausawa sun ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, don haka makonnin farko a kife su da babban kwando ko a tsare su a akurki mai raga. A cikin na gida kuwa, kazar Fulani ta fi girman jiki, mai wuya ba gashi kuma ta fi jure zafi.

Tsakanin waɗannan akwai irin da aka inganta domin yanayin ƙasar nan. Shika Brown ta fito daga cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, kuma ta ƙwai ce, don haka ita ma tana son abinci mai kyau. Noiler, wadda kamfanin Amo Farm na garin Awe a Jihar Oyo ya samar, da FUNAAB Alpha ta Jami'ar Noma ta Abeokuta, dukkansu na nama ne da ƙwai, suna fita kiwo, sun kuma ninka ta gida ƙwai nesa ba kusa ba. Abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba shi ne da wuya su yi kwanci, kuma idan aka ci gaba da haɗa 'ya'yansu da juna, ingancin yakan ragu. Shi ya sa nake ganin gida mai ƙaramin fili ya fi cin riba idan ya haɗa kajin gida huɗu ko biyar masu kwanci da Noiler biyar ko shida, da zakara ɗaya, wanda ya ishi kaji goma.

Kowane iri aka zaɓa, cutar Niyukasil ba ta bambance shi, kuma ta fi ɓarna da hunturu, lokacin da akan wayi gari a ga kaji sun yi lamo, suna koren zawo, wasu wuyansu ya murɗe. Ba ta da magani sai rigakafi, kamar Lasota da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta NVRI da ke Vom a Jihar Filato take sarrafawa, wanda ake ɗigawa a ido ko a zuba a ruwan sha, a riƙa maimaitawa kamar duk wata uku. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kaji goma, kuma da zarar an haɗa ta da ruwa ba ta jiran gobe, saboda haka ya fi kyau maƙwabta su haɗa kuɗi su yi wa kajinsu rana ɗaya. Sabuwar kazar da aka sayo daga kasuwa kuwa, komai kyawun idonta, a ware ta mako biyu kafin a bar ta ta shiga cikin sauran.