Motata tana cin taya ta ciki: yadda muka gano dalili

Motata Corolla ce ƙirar 2005, 'yar Kwatano, kuma hanyar Kano zuwa Kaduna ita ce hanyar cin abincina. Wata ƙusa da na taka wajen Kwanar Dangora ce ta sa mai faci ya kwance tayar gaba ta hannun dama. Da ya mirgino ta ya jingina da benci, sai ya ce, "Alhaji, zo ka ga tayarka." Daga waje zanenta raɗau. Amma ta gefen ciki, ɓangaren da ke kallon inji, faɗin yatsu biyu ya suɗe tas ko'ina a zagayen tayar, har waya ta fara leƙowa a wuri guda. Tayar ko shekara ba ta yi a jikin motar ba. Muka murɗa sitiyari muka leƙa ta hagu, ita ma ta kama hanya.

Sharrin cin taya ta ciki ke nan, ba ya nuna kansa ga wanda ya tsaya a gefen mota. Ga shi taya ba abin wasa ba ce a aljihu yanzu. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina ƙera taya a Legas a 2008, tayar ƙaramar mota daga waje ake shigo mana da ita, farashinta kuwa dala yake bi. Wanda ya sayi taya kafin a saki naira a 2023 ya koma saye bayan nan ya san abin da nake nufi.

Na sa safaya na lallaɓa na koma gida. Niyyata in wuce kasuwa in sayi sababbi biyu in huta, sai bakanikena ya tare ni. "Maigida, in ka sa sabuwa yau, abin da ya ci wannan shi zai ci waccan. Kawo tsohuwar mu gani tukuna."

Bai ɗauko sifana ba. Tafin hannu ya ɗora a kan zanen ya shafa daga waje zuwa ciki, sannan ya dawo daga ciki zuwa waje, ya ce in gwada. Ta ɓangare ɗaya sumul hannu ke wucewa, ta ɗayan kuwa bakin kowane zane yana kartar fata kamar haƙoran zarto. Ya ce wannan alama ce ta cewa tayoyin gaba ba sa kallon gaba sak, sun buɗe baki, kowace tana neman tafiya gefenta, mota kuma tana jan su dole. Da a ce tayar kwanciya ta yi, wato samanta ya karkata ciki, gefen cikin zai suɗe amma sumul, ba kaifi.

Daga baya na zauna na yi lissafin da kaina, don na kasa yarda cewa 'yar karkatar da ido ba ya gani za ta cinye roba haka. Tayata 195/65 R15 ce, tsayinta kimanin santimita 63. In bakinta ya kauce da milimita 3 kacal, a kowace kilomita guda ana gurza roba a kwalta a gicciye kusan mita 5. Kano zuwa Kaduna kimanin kilomita 230 ne. Ke nan a zuwa kaɗai an gurza fiye da kilomita ɗaya, tayoyin gaba biyu su raba a tsakaninsu, kuma a kan kwaltar bazara mai zafi.

Saura a san abin da ya buɗe musu baki. Ya ɗaga motar a jak, ya kama tayar hannu ɗaya ta gaba ɗaya ta baya ya jijjiga, muka ji ƙwas-ƙwas. Kan tairod ne, wato ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, ya saki, robarsa ta yage, giris ya tsiyaye, ƙasa ta shiga ta cinye shi. Ya sāke kamawa sama da ƙasa, nan shiru, wato boljoyin da boris lafiya lau. Sai ya shiga ƙarƙashi da ƙarfe ya banƙari hannun ƙafar, ya haska mini da fitilar waya: bushin na baya ya tsage, hannun yana motsi a inda bai kamata ya motsa ba. Ramuka da tudun rage gudu da ake hawa ba a sassauta ba su ne ke jawo wannan, kuma ba rana ɗaya suke yi ba.

A nan ne na ga yadda ake zubar da kuɗi a banza. Injin alaimen, wato na'urar saita tayoyi su kalli gaba sak, yana auna mota ne tana tsaye cik. In tairod ko bushin na da lasa, za a saita komai ya nuna kore a allon kwamfuta, ka biya ka fita, rami na farko ya mayar da ƙafar inda take. Na san masu zuwa alaimen duk bayan 'yan watanni suna zagin masu injin, alhali ƙafar motarsu ce ke rawa. Mai alaimen na kirki shi da kansa zai jijjiga ƙafa kafin ya ɗaura na'ura, in ya ji motsi ya ce ka je wajen bakanike ka dawo. Wanda ya hau da motarka kan inji ba tare da ya taɓa tayar da hannu ba, kuɗinka kawai yake so.

Mu dai muka bi abin daki-daki: aka canza kan tairod na ɓangarorin biyu da bushin, aka sa sababbin tayoyi aka yi musu balansin, sannan aka hau injin alaimen a ranar. Na nemi a nuna mini lambobin kafin a taɓa da bayan an gama, na kuma tabbatar sitiyari ya zauna daidai a tsakiya. Masu saitawa da igiya a bakin titi ba na raina su, gwani a cikinsu yana iya daidaita bakin taya har mota ta daina ja, amma igiya ba ta faɗa maka ko taya ta kwanta. A irin wannan Corolla kuma ƙafar baya ƙarfe guda ne da ya haɗa tayoyin biyu, babu abin murɗawa a jikinsa. In inji ya nuna baya ya kauce, galibi ƙarfen ne ya lanƙwashe, ko don lodi ko don duka.

Tayoyin baya ma da nasu labarin. Ta dama ta yi tudu da kwari a zagaye, in ka shafa sai ka ji hannu na hawa yana gangarawa, kuma ita ce ke yin wani gurnani a kan gudu wanda na ɗauka boris ne. Shokozoba ce ta mutu, jikinta jage-jage da mai da ƙura. In ta daina riƙe ƙafa, taya sai ta riƙa tsalle a kan kwalta, duk inda ta dira ta ɗan ci. Mun canza shokozoba biyun na baya tare, don sabuwa a gefe ɗaya tsohuwa a ɗaya ba sa tafiya daidai. Rashin balansin ma yana kawo irin wannan cin, alamarsa rawar sitiyari wajen gudun kilomita 100 a awa. Da damina kafin ka biya kuɗin balansin leƙa cikin rim, busasshen taɓo kaɗai yana iya jawo rawar.

Sai maganar iska, wadda ta fi kowacce araha. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai 'yar takarda da kamfani ya manna, tawa ta ce maki 30 na iska a geji, gaba da baya. Da na sayi gejina na kaina na auna da safe, 44 na tarar a wata, wata kuma 26. Masu faci da yawa lambar da ke jikin tayar suke bi, ita kuwa iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba abin da motar ke buƙata ba. Wasu ma gejin nasu ya daɗe da mutuwa, da dukan ƙarfe ake aunawa. Iska in ta yi yawa tsakiyar taya ke ci, mota ta riƙa dukan ƙafa a kowane rami. In ta yi kaɗan kafaɗu biyu ke ci, tayar ta ɗau zafi, kuma wannan ce ke fashewa a kan hanya. Ana aunawa ne kafin mota ta yi tafiya. Bayan doguwar tafiya geji zai nuna ƙarin 3 ko 4, kada a sace, in ta huce za ta koma. Sanyin hunturu ma yana rage ta, wajen maki ɗaya a duk digiri 5 ko 6 da zafi ya sauka.

Inda muka saɓa da bakanikena shi ne wurin sa sababbin. Shi ya ce gaba, tunda nan inji yake ja, nan sitiyari yake. Kamfanonin taya kuwa cewa suke in biyu kaɗai ka saya, sababbin su koma baya, domin in baya ya zame a kan ruwa mota juyawa take yi, sitiyari ba ya ceto. Tunda ta baya ɗaya ta riga ta lalace, na cije na sayi huɗu, gardama ta ƙare. Yanzu duk kilomita 8,000 zuwa 10,000 ina juya su: na gaba su koma baya a gefensu, na baya su zo gaba a gicciye. In tayarka mai kibiya ce a jiki, ba a ƙetara da ita, gaba da baya kawai a gefe guda.

Ga wanda aljihu ya tura wajen tayar gwanjo, ita da ciwon motar da ta baro take zuwa, don haka a shafa ta da hannu ciki da waje yadda aka koya mini. A nemi lambobi huɗu da ke ƙarshen layin rubutun da ya fara da DOT a jikin tayar, su ke nuna lokacin ƙira: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar FRSC mai kiyaye haɗurra shekara huɗu take ba taya daga ranar ƙira. A kuma leƙa cikin ramin zanen, akwai 'yan ƙananan tudu da kamfani ya sa a tsayin milimita 1.6, in zane ya zo daidai da su taya ta gama aiki. Akwai masu bin suɗaɗɗiyar taya da wuƙa mai zafi su sake yanka mata zane. In ka ga rami mai zurfi amma babu waɗannan tudun a ciki, ajiye ta ka nemi wata.