Barade dubu goma, ƙauye arba'in

Talata da dare. Hadari ya haɗu tun la'asar ya watse, ko ɗigo.

Auta ya turo babi na huɗu na labarin da yake rubutawa da asuba. Labarin yana tafiya, dodon nan mai aman wuta ya fito da kyau, har na iso inda ya rubuta cewa sarkin ƙasar tasa yana da barade dubu goma masu muƙamin naɗi, kuma kowa ɗansa na gadonsa. Na koma taswirar da ya zana a shafin farko: birni uku, ƙauye arba'in. Da ya shigo cin abincin rana na tambaye shi wa ke ciyar da dawakan. Ya ce, "Yaya, ai duniyar ƙirƙira ce." Na ce to dawakan ciyawar ƙirƙira suke ci? Inna ta ce mu bari a gama ci tukuna.

Tunda tsarin Turai ya ɗauko, na mayaƙan doki da Turawan Ingila ke kira "knight", lissafin Turai zai bi shi. Barde ɗaya ba ya fita da ƙasa da doki uku: ingarman yaƙi da ba a hawa sai a fagen daga, na tafiya, da na kaya. Doki babba yana cin kusan kilo 10 a rana, hatsi da ciyawa. Dubu goma sau uku sau goma, tan 300 ke nan kullum, ba a sa masu yi musu hidima da maƙera ba. Shi ya sa a Ingila muƙamin ya jingina da ƙasar noma. A ba mutum gandu, shi kuma ya fita yaƙi kwana 40 a shekara da dokinsa da sulkensa, daga aljihunsa. Tsadar ta kai mutane suna gudun naɗin. A ƙarni na 13 sai da sarki ya tilasta wa duk mai ƙasar da ke kawo fam 20 a shekara ya karɓa ko ya biya tara. Wannan kaɗai babi ne guda, ga mai son rubutawa.

Batun gado ya fi cina. A Ingila muƙamin yana mutuwa da mai shi. Sarauniya ta naɗa Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1960, muna ce masa Sa, 'ya'yansa ba su gaji Sa ɗin ba. Wanda ake gado shi ne baronet, da Sarki James na ɗaya ya ƙirƙiro a 1611 don ya tara kuɗi. A ƙasashen Jamus kuwa an gaji muƙamin Ritter, wato bardensu. To Auta yana da zaɓi, amma ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kai. In gado ne, maraya ɗan masuncin nan na cikin labarinsa ba shi da ƙofar shiga sai da dalili mai ƙarfi. In naɗi ne, ɗan barde ma sai ya bi matakan: yana shekara bakwai a kai shi gidan wani babba ya yi aike, a sha huɗu ya zama mai riƙe garkuwa da goge sulke da ɗaura sirdi, wajen ashirin da ɗaya a naɗa shi. Wanka, kwana a tsaye ana ibada, a ɗaura masa takobi da ƙaimi mai ruwan zinariya, a taɓa kafaɗarsa da takobi. A fagen fama akan taƙaita, barde ya naɗa wani nan take. Ga ƙofar maraya nan, amma washegari sai a ga wanda ya ba shi doki.

Auta ya kuma manta da tuɓewa. A 1323 da aka kama Andrew Harclay da cin amanar Sarki Edward na biyu, an sare ƙaiminsa, an karya takobinsa, sannan aka kashe shi. Mugun kwamandan Auta ya ci amana a babi na uku, a na huɗu yana nan da muƙaminsa kamar ba a yi ba.

Kalmar ma ban gamsu ba. Na bar masa "barde" don ita ce mafi kusa da "knight", ko Faransawa da Jamusawa kalmarsu mahayi take nufi. Sai dai barde a kunnenmu lifidi da kwalkwali yake kawowa, shi kuma ya lulluɓe nasa da farantan ƙarfe masu kilo 25.

Wuta ta ɗauke da magariba. Batirin waya saura kashi 11.

Auta ya turo saƙo ɗazu: ya rage baraden zuwa ɗari uku, ya ce in daina. Ɗari uku daidai ne. Amma tun da rana bai dube ni ba, ko shayi bai fito sha ba, kuma sai yanzu na lura ban gaya masa dodon ya yi kyau ba.